Ceto ko kamu na biyu?

A cikin watan Disamba na shekarar 1860, a gaɓar kogin Pease da ke arewacin Teksas, wata rundunar mahaya ta faɗa wa wani ƙaramin zango na Komancawa. Mafi yawan mazan zangon ba su nan, waɗanda aka tarar galibi mata ne masu aikin naman ɓauna da ɗaurin kaya. Aka kashe waɗanda aka kashe. Cikin masu neman tsira bisa dawakai aka cim ma wata mace rungume da ƴar ƙaramar yarinya, da aka dubi fuskarta sai aka ga idanunta shuɗɗa ne. Shugaban rundunar, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Sul Ross, wanda daga baya ya zama gwamnan Teksas, ya sa aka tafi da ita barikin soja. Can wani dattijo, Isaac Parker, ya zo ya yi ta tambayarta ta bakin tafinta, domin Ingilishi ya riga ya ɓace mata, har ya ambaci sunan ɗiyar ƙanensa da aka sace tun 1836. Matar ta dafa ƙirjinta ta maimaita sunan. Ita ce Cynthia Ann Parker, wadda Komancawa ke kira Naduah. An ɗauke ta tana da shekara tara ko kusa da haka, an same ta bayan shekara 24, da miji da ɗiya uku.

Jaridun Teksas sun kira abin da ya faru ceto. Ita kuwa wadda aka ceta, shekara goma da suka rage mata a duniya ta yi su ne tana neman hanyar komawa. A nan tambayar take, kuma ba ta tarihin Amurka kaɗai ba ce: idan aka fara wani zumunci da zalunci, sa'an nan zamani ya raine shi har ya zama na gaskiya, wa ke da ikon warware shi?

Kafin a yanke hukunci sai a san mutanen. Komancawa suna kiran kansu Numunu, watau mutane. Sunan da duniya ta san su da shi daga maƙwabtansu Ute ya fito, ma'anarsa abokin gaba. Asalinsu wani reshe ne na Shoshone da ya gangaro daga duwatsun arewa, kuma tun wajen 1706 takardun Sifaniyawa na Sabuwar Meksiko suka fara ambatonsu. Doki ne ya ɗaukaka su. Cikin ƙarni guda suka mallaki filayen da a yau suka haɗa yankunan Teksas da Oklahoma da Kansas da Kolorado da Sabuwar Meksiko, suna sayar da dawakai da fatun ɓauna, suna sayen masara da bindigogi da yadi. A 1786 gwamnan Sifaniyawa Juan Bautista de Anza ya ƙulla sulhu da su kamar yadda ake ƙullawa tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma a shekarun 1840 hare-harensu sun kai har Durango da Zakatekas, can cikin Meksiko. Masanin tarihi Pekka Hämäläinen, a littafin da ya fitar a 2008, bai yi shakkar kiran wannan iko daula ba, ko da yake ba ta da sarki ɗaya ko birni ɗaya.

Kamun mutane yana cikin ginshiƙan wannan daula. Garken dawakai na bukatar makiyaya, jimar fatu na bukatar hannuwa, agana kuma ta sha share zanguna tun daga annobar 1780, sai an cike gurbin matattu. Saboda haka abin da zai samu wanda aka kama ya danganta da shekarunsa. Namiji baligi kasafai ake barinsa da rai. Mace baliga takan zama baiwa, ko a aure ta, ko a sayar da ita ga masu fansa. Yaro ko yarinya kuwa, in ya jure wahalar kwanakin farko, sau da yawa wani gida kan ɗauke shi ɗa, a ba shi suna, ya gaji abin da ɗan gida zai gada, ya yi aure cikin ƙabila ba tare da an tuna masa asalinsa ba. Mafi yawan waɗannan yara ƴan Meksiko ne da na wasu ƙabilu, ba wanda ya rubuta labarinsu. Na Naduah ya shahara ne domin danginta masu faɗa-a-ji ne a Teksas.

Ba a yi wa gaskiya adalci ba in aka rufe yadda aka fara. Ranar 19 ga Mayu 1836 maharan sun kashe maza biyar a ganuwar itacen da iyalin Parker suka gina, cikinsu har da mahaifin yarinyar, Silas, da kakanta. Suka tafi da mutum biyar. Ɗaya daga cikinsu, Rachel Plummer, matar aure ce mai ciki, ƴar shekara 17. Ta yi fiye da shekara guda cikin bauta, an kashe jaririn da ta haifa a gabanta, kuma da fatake suka fanshe ta ta rubuta abin da ta gani, ta rasu a 1839 ba ta warke ba. Duk wanda zai yi maganar Komancawa kamar wasu salihan daji waɗanda ba su taɓa cutar kowa ba, to bai karanta labarin wannan mata ba. Haka kuma duk wanda zai manta cewa ganuwar nan an kafa ta ne a bakin ƙasar da masu ita ba su sayar ba, ya karanta rabi ya bar rabi.

Akwai wani abu da ya faru a 1840 wanda ke nuna nauyin ɗaukar ɗa a wurinsu fiye da kowane bayani. A watan Maris na shekarar, shugabannin Komancawa suka zo San Antonio neman sulhu, suka kawo wata yarinya, Matilda Lockhart, jikinta duk tabo. Hukumomin Teksas suka ce sai an kawo sauran duka, in ba haka ba za a tsare shugabannin. Faɗa ya ɓarke cikin zauren shawara, aka kashe Komancawa fiye da 30. Da labari ya isa zanguna, aka rama a kan kamammu, aka kashe 13. Waɗanda aka ƙyale su ne waɗanda wasu gidaje suka riga suka ɗauka ɗiya. Cikin zafin ramuwa, ranar da fushi ya rufe ido, an tsaya an bambanta, domin waɗannan ba kamammu ba ne kuma, ƴan gida ne.

To, ga hujjar Isaac Parker, kuma hujja ce mai ƙarfi. An kashe masa uba da ƴan'uwa, an sace masa ɗiya. Ɗan'uwansa James ya kwashe shekaru yana ratsa daji neman waɗanda aka tafi da su. Uwar yarinyar ta mutu ba ta sake ganinta ba. Idan aka ce daɗewa ta halatta abin da aka ƙwata, ashe an koya wa kowane ɓarawo cewa aikinsa kawai shi ne ya iya ɓoyo har shekaru su wuce. Idan kuma aka ce ai ita da kanta ba ta son dawowa, mai wannan hujja zai amsa cewa son nan ma maharan ne suka dasa shi. Yarinyar da ta ga an kashe ubanta, aka ɗaure ta bisa doki, ba ta da wanda za ta jingina da shi sai wanda ya kamo ta. Tsoro ne ya rikiɗa ya zama ƙauna. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, kuma aikin mai hankali ne ya tsinke igiyar ko da wanda ke ɗaure yana kuka. Ga shi kuma makonni kaɗan kafin harin Pease, maharan Komancawa sun yi wa wata mace mai ciki kisan gilla a gundumar da ke ɗauke da sunan Isaac Parker kansa. Mutanen da suka yi murna da ganin Cynthia Ann ba mugaye ba ne, masu makoki ne da suka ga an maido musu ɗaya daga cikin nasu.

Sai dai hujjar tana da rami a tsakiyarta, shi ne ta ɗauki mutum kamar dukiya. Goɗiyar da aka sace, in an same ta bayan shekaru, ita ce dai goɗiyar, a mai da ta ga mai ita har da ɗiyan da ta haifa, magana ta ƙare. Yarinya ƴar shekara tara ba ta tsayawa wuri ɗaya tana jiran mai nemanta. Wadda Isaac Parker yake nema ta daɗe da ƙarewa, kuma ba mai iya biyansa ita, ko Komancawan da kansu. Wadda aka kawo masa mace ce mai shekara 33 ko fiye, wadda take mafarki da wani harshe, take da miji, Peta Nocona, da ɗiya maza biyu, Quanah da Pecos, waɗanda ba ta san ko suna raye ba tun ranar harin. Domin a gyara laifin da aka yi wa yarinya, an raba uwa da ɗiyanta, watau an maimaita laifin nan da kamanninsa, kuma a kan mutum ɗaya ya sauka sau biyu. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Batun cewa sonta dasasshe ne, wannan gaskiya ne, amma son wa ne ba dasasshe ba? Da ta girma gidan ubanta, cikin Baftis masu tsananin riƙo da addini, da ba ita ta zaɓi harshensu ko imaninsu ko abincinsu ba. Da an dasa mata su ne tun ba ta san fari da baƙi ba. Bambancin da ke akwai shi ne ɗaya dashen ya fara da jini, ɗaya bai fara da shi ba. Bambanci ne babba, amma hukuncinsa a kan maharan yake faɗawa. Bai isa ya mai da naƙudar da ta yi sau uku ƙarya ba, bai kuma isa ya mai da Quanah ba ɗanta ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zaci cewa wanda ya yarda da gaskiyar zumuncin ya wanke wanda ya yi satar. Abu biyu ne daban. Ana iya cewa harin 1836 zalunci ne wanda ba shi da uzuri, a kuma ce a 1860 matar nan Bakomanciya ce, ba tare da magana ɗaya ta ci ɗaya ba. Kuma Bahaushen da ya ce sabo turken wawa ne, shi ne ya ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Ya san cewa abin da ke ɗaure mutum shi ne kuma abin da ke riƙe da shi.

Hari ɗaya ne ya tafi da Rachel Plummer da Cynthia Ann, jininsu ɗaya, ƴan maza zar. Ɗaya ta ga fatake ta roƙi a fanshe ta. Ɗaya kuwa, da wakilan gwamnati suka gan ta a 1846 aka yi tayin fansa mai tsoka, mutanenta suka ƙi, ita ma ba ta nuna tana so ba. Duk ƙa'idar da za ta ce jini ne ke hukunci, ko ta ce riƙo ne ke hukunci, dole ta zalunci ɗaya daga cikin matan nan biyu. Abin da ya rage shi ne a tambayi mai abin, in ya kai munzalin da za a tambaye shi. Kuma akwai alama mai sauƙi da ke bambanta ceto da kamu, ita ce ƙofa. Ba wanda ya yi gadin Rachel Plummer bayan ta dawo. Cynthia Ann kuwa sai da danginta suka riƙa sa mata ido suna kulle ta, domin ta sha ƙoƙarin gudu da ɗiyarta.

Sun yi mata abin da suka ɗauka alheri ne. A 1861 majalisar Teksas ta yanka mata dala 100 a shekara har shekara biyar, da fili mai faɗi. Aka kai ta birni mutane suka yi ta kallo. A Fort Worth aka ɗauki hotonta tana shayar da ɗiyarta Topsannah, gashinta a yanke gajere, wanda a al'adar Komancawa alamar makoki ce. Masu kallon hoton sun ga ceto, ita kuwa takaba take yi a gaban idonsu ba su sani ba. Wani mutum mai suna Coho Smith, wanda ya taɓa zama cikin Komancawa yana jin harshen, ya ba da labarin yadda ta roƙe shi ya mai da ta, tana yi masa alkawarin dawakai. Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a shekarar, hankalin kowa ya koma can. Aka yi ta miƙa ta daga gidan ɗan'uwa zuwa gidan ƴar'uwa. Ta koyi kaɗi da saƙa, maƙwabta suna kawo mata fatu domin ba wanda ya kai ta iya jima. Wajen 1864 ciwon huhu ya ɗauke Topsannah. Bayan haka ta rage magana, ta rage cin abinci, ta rasu wajen 1871, ba ta sake jin ɗuriyar ɗiyanta maza ba.

Da an sake ta fa? Ba za a ɓoye ba, da ta koma cikin mutanen da ke yaƙi da danginta na haihuwa, kuma ɗanta Quanah ya girma ya zama ɗaya daga cikin mayaƙan da iyakar Teksas ta fi tsoro. Sakinta ba zai kawo sulhu ba. Amma tsare ta ma bai kawo ba, bai hana hari ko ɗaya ba, bai tayar da mataccen kowa ba. Abin da ya samar shi ne suna ga Sul Ross, da kwanciyar rai ga mutanen da ba za su iya jure tunanin cewa farar mace ta ga rayuwa biyu ta zaɓi ta tantin fata ba. Wannan ne, in an tona, abin da aka ceta.

Ba da daɗewa ba ƙarfi ya juya, aka ga abin da masu ƙyamar kamun yara za su yi in su ne da iko. A watan Satumba na 1874 Kanar Ranald Mackenzie ya faɗa wa zangunan da ke kwazazzabon Palo Duro, ya ƙone tantuna da abincin hunturu, ya sa aka harbe dawakai fiye da 1,000. Mafarauta kuma suna ta ƙarar da ɓauna domin fatu. A watan Yuni na 1875 Quanah ya shigo barikin Fort Sill da mutanensa ya ajiye makami. Al'ummar da ake ƙiyasta ta da dubun-dubatai a ƙarni na 18 ta koma wajen mutum 1,500. Wani hafsan soja da ya yi aiki a wannan bariki, Richard Henry Pratt, shi ne ya kafa makarantar kwana ta Carlisle a 1879, a can gabas mai nisa, kuma manufarsa a fili ya faɗe ta: a kashe ƙabila a cikin yaro domin a tsirar da mutum. A raba yaro da iyayensa, a aske masa kai, a sauya masa suna da tufafi, a hore shi in ya yi harshen uwarsa. Mai karatu ya duba da kyau, wannan shi ne abin da aka yi wa ƴar shekara tara a 1836, sai dai an sa masa allo da ƙararrawa. Har ma akwai inda na farkon ya fi, domin Komancawa in sun mai da yaro nasu sukan ba shi cikakken matsayi, alhali wanda ya fito daga Carlisle yakan tarar ba a karɓe shi a can ba, ya kuma yi baƙunta a gida. Charles Chibitty, wanda ya sha horo a makaranta saboda yin Komanci, yana cikin sojojin ƙabilar da suka sauka gaɓar Normandi a watan Yuni na 1944 suna aika saƙonnin yaƙi da wannan harshe domin Jamusawa ba su jin sa. Faransa ta ba su lambar girma a 1989, lokacin uku kaɗai suka rage.

Quanah bai bar wa kowa bayanin falsafa ba, amma abin da ya aikata amsa ce. Da ya shigo Fort Sill, cikin abubuwan farko da ya tambaya har da labarin uwarsa, aka gaya masa ta rasu. Ya ɗauki sunan gidansu ya haɗa da nasa, ya zama Quanah Parker, ba tare da ya yanke kitsonsa ba. Ya yi hayar makiyaya ga manyan masu shanu na Teksas, ya gina babban gida mai taurari bisa rufi kusa da garin Cache, ya zama alƙali a kotun da gwamnati ta kafa wa ƙabilun har aka tuɓe shi saboda ya ƙi sakin matansa. Ya aika wasu ɗiyansa Carlisle da hannunsa, domin ya ga inda iska ta dosa, kuma wasu daga cikin mutanensa sun zarge shi da kusantar Turawa fiye da kima. Ya sa cigiyar hoton uwarsa a jarida, wanda ya aiko masa kuwa shi ne Sul Ross. A watan Disamba na 1910 ya sa aka tono ƙasusuwanta daga Teksas aka binne su a Oklahoma cikin Komancawa, shekara 50 cif bayan harin Pease. Ya rasu a watan Fabrairu na 1911, aka sa shi kusa da ita. A 1957 aka mai da su biyun maƙabartar Fort Sill, a 1965 aka kawo Topsannah.

Ƙabilar tana nan, hedkwatarta kusa da Lawton, da mambobi wajen 17,000, ko da yake masu jin harshen tun daga nono sun kusa ƙarewa. A zamanin Quanah riƙo yana da sauran daraja ko a gaban hukuma: Herman Lehmann, ɗan Jamusawan Teksas da aka sace a 1870 ya ƙare a hannun Komancawa, an mai da shi gidan uwarsa a 1878 ya kasa zama daram, kuma a 1908 majalisar Amurka ta amince a yanka masa gona kamar kowane ɗan ƙabila, bisa shaidar cewa ɗan riƙon Quanah ne. Tsarin da ya biyo baya, wanda ya samo asali daga rajistar da gwamnati ta yi lokacin rabon filaye, da ma'aunin jini yake aiki. An fara da sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu, daga baya aka sauke shi zuwa ɗaya cikin takwas. Da wannan ma'auni Quanah rabi ne, Naduah kuwa ba ta da ko ɗigo, alhali zuriyarta na cikin manyan gidajen ƙabilar.